Kafintocin Baba da Lissafin Auta

Da Baba ya yi ritaya daga aikin gandiroba, zaman gida bai karɓe shi ba ko kaɗan. Ya gyara kujerun falo, ya gyara ƙofar kicin, ya kwance gadon baƙi ya sake ɗaurawa alhali babu abin da ya same shi. Ranar da Mama ta tarar da shi durƙushe yana auna ƙafar teburin cin abinci, ta ce masa ko dai ya nemi abin yi a waje, ko ita ta nema.

Sai ya koma makaranta. Yana da digirinsa na farko tun gashinsa na baƙi, don haka ya nemi gurbin digiri na biyu a sashen nazarin laifuka da hukunci na jami'ar garin, aka kuwa ba shi. Ranar da ya fara shiga aji ɗalibai suka yi tsit suka gyara zama, sun ɗauka shi ne malamin. Farfesar da aka ba ta duba aikinsa ma da kaɗan ta girmi babbar 'yarsa, ita ma Baba take ce masa.

Abin da zai bincika bai ba shi wahalar zaɓa ba. A rabin aikinsa na ƙarshe shi ke kula da shagon koyon kafinta na gidan yari. A hannunsa mutane da yawa suka fara riƙe zarto, wasu da suka shigo ba su san kan ƙusa da gindinta ba suka fita suna haɗa durowa. Ya yi imani har cikin ransa cewa duk wanda ya bi ta shagon nan da wuya ya sake dawowa kurkuku. Yanzu so yake ya rubuta hakan a kundi, a sa masa hannu, a ajiye a laburare.

Ya yi watanni yana bin sawun waɗanda aka sallama, na shago da waɗanda ba na shago ba. Ya samu izinin duba bayanan hukuma, ya buga waya har kunnensa ya yi zafi, ya shiga unguwannin da bai taɓa takawa ba. Da ya gama tarawa sai ya kwashi komai ya kai wa Auta.

Auta ita ce ƙaramar 'yarsa, tana koyar da lissafi a wannan jami'ar, a wani ƙaramin ofis mai taga ɗaya da fanka mai kuka. Ta zuba bayanan a kwamfuta, Baba na tsaye a bayanta hannu a ƙugu. Sakamakon farko ya fito kamar yadda yake so: 'yan shago sun fi sauran zama a waje, nesa ba kusa ba.

"Kin gani ko? Ni da ma na sani," in ji Baba. "Buga mini a takarda in kai wa Farfesa."

"Baba, zauna tukuna. Wa ke zaɓen waɗanda za su shiga shagon?"

"Ni mana. Wa zai zaɓa?"

"Su wa kake ɗauka?"

"Masu natsuwa. Ai ba ka miƙa wa mai zafin kai guduma. Sai wanda hukuncinsa bai yi tsawo ba, sai wanda na ga danginsa na zuwa duba shi, don na san yana da inda zai koma."

Auta ta juyo da kujerarta ta fuskance shi. "To ka ga inda matsalar take. Irin waɗannan mutanen, ko ba su taɓa ganin katako ba, da ma su ne ba za su dawo ba. Sai na kwatanta ɗan shago da wanda ya yi kama da shi a komai amma bai shiga shago ba, sannan mu san ko shagon ne ya yi aikin."

"Kwatanta," ya ce. "Me nake tsoro?"

Bayan mako guda ta kira shi. Ta nuna masa layi biyu a fuskar kwamfuta, sun kwanta a kan juna kamar an manna su. Da aka jera kowa da irinsa, bambancin ya narke, ɗan abin da ya rage bai kai a kafa hujja da shi ba.

Baba ya daɗe yana kallon layukan. Sannan ya ce, "Wato duk shekarun nan wasa nake yi da katako."

"Ban ce haka ba, Baba."

"Injinki ya ce." Ya ɗauki jakarsa ya fita, ko ƙofa bai ja ba.

Daga ranar gidan ya yi sanyi. Idan Auta ta zo gaishe su, sai ya amsa da "lafiya" ɗaya ya buɗe jarida, wani lokacin ma a juye. Mama ta gaji ta ce, "Kai ka biya mata kuɗin makaranta ta koyo lissafin nan, yanzu kuma ta lissafa kana fushi? Da ka ce mata ta karanta ɗinki."

Bai kula ta ba. Wajen Farfesa ya tafi, ya ce yana so a ba shi wani mai lissafin, don yarinyar nan ta raina shi. Farfesa ta karanta aikin Auta shafi-shafi, ta cire tabarau.

"Baba, ko wa ka kai wa, in dai ya san aikinsa, abin da zai faɗa ke nan. Kuma wannan ba faɗuwa ba ce. Ka gano abin da ba a sani ba. Abin da ya rage shi ne ka gano dalili."

Dalili bai dame shi ba a lokacin. Abin da yake so shi ne ya ga mutum ɗaya da idonsa, wanda zai nuna ya ce ga shi nan, shago ya yi masa rana. Sai ya tuna da Dogo. A duk waɗanda ya koyar babu mai hannun Dogo, yana shafa katako sau ɗaya ya gaya maka inda zai tsage. A waya Dogo ya ce masa yana nan lafiya yana aiki, Baba bai tambayi wane aiki ba, ya ɗauka sananne ne.

Kwatancen da aka yi masa ya kai shi bayan tashar mota, wurin wankin motoci. Can ya hango Dogo, wando a naɗe har gwiwa, yana goge tayar wata babbar mota da soso. Dogo na ganinsa ya yar da soson ya ƙame ya sara masa, kamar har yanzu lokacin ƙidayar fursunoni ne.

"Oga! Kai ne da kanka?"

"Sauke hannun nan, ni ma yanzu ɗan makaranta ne. Dogo, me kake yi da soso? Ina zarto?"

Dogo ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya jawo masa benci, ya goge da gefen rigarsa. Ya ce babu shagon kafintan da bai shiga ba a garin nan. Wasu har sukan ba shi katako su gwada shi, su yaba, sai a zo kan tambayar inda ya koya. Shi kuma ba ya son ƙarya. Da ya faɗa sai fuska ta canja, a ce ya dawo wani mako. Wani mai shago ma a gabansa ya tattara kayan aiki ya kulle a akwati.

"Hannun yana nan, Oga," ya ce, yana juya tafinsa da ruwa ya jiƙa har ya yi fari. "Wurin sa shi ne babu."

Baba bai koma gida ba, kai tsaye ofishin Auta ya wuce. Ya tarar tana duba takardun jarrabawa. Ya ajiye mata ledar lemo a kan tebur, wanda a wajensa wannan ya isa ban haƙuri, ita ma ta san haka.

"In na sake bin mutanen nan na tambayo wanda ya samu aikin kafinta bayan fitarsa da wanda bai samu ba, injin naki zai iya faɗin wani abu?"

"Zai iya, Baba. Amma ba na yi maka alkawarin zai faɗi abin da kake so."

"Na ji. Ɓare lemon."

Da ya tattaro amsoshin, wannan karon ma bai samu duk yadda yake so ba, amma ya samu abin riƙewa. 'Yan shagon da suka samu aiki da wuri kusan duk suna waje, suna zaman lafiya. Sai dai ba su da yawa. Mafi yawansu sun fita da sana'a a hannu, babu wanda ya buɗe musu ƙofa. Auta ta gargaɗe shi cewa adadin ya yi kaɗan, alama ce kawai, kada ya je yana shela. Baba ya ce shi ba mai shela ba ne, sannan ya gaya wa duk wanda ya haɗu da shi a hanya.

Farfesa ta ce tunda maganar ta koma kan masu shaguna, sai a nemo wanda ya san halinsu. Ta haɗa su da wani malamin sashen kasuwanci da ɗalibai ke kira Ba-Ragi, saboda ko rabin maki ba ya ƙara wa kowa. Gajere ne mai saurin magana. Da ya gama sauraro ya ce, "Ku daina cewa mugaye ne. Ɗan kasuwa tsoro ne da shi. Mu je mu tambaye su me suke tsoro."

Haka suka riƙa zagaya shagunan kafinta da na haɗa kujeru, Baba da Ba-Ragi, cikin ƙurar katako da ƙarar inji, suna ɗaga murya kafin a ji su. Amsoshin suka zo kusan iri ɗaya. Wani na tsoron kayan aikinsa, wani na tsoron abin da masu saye za su ce, wata mai babban shago ta ce ita damuwarta in abu ya faru wa za ta kama. Da Ba-Ragi ya tambaye su ko za su gwada mutum na ɗan lokaci in akwai wani sananne da zai tsaya masa, yana leƙowa a kai a kai, wasu suka ce wannan kam da dama. Baba ya nemo tsofaffin abokan aikinsa da suka yi ritaya, waɗanda su ma matansu sun gaji da ganinsu, suka yarda za su tsaya.

Guraben da aka samu ba su kai yawan masu nema ba. Baba ya zaro biro zai fara rubuta sunaye, Auta ta dafa takardar.

"Ƙuri'a za a yi, Baba, daga baya mu kwatanta waɗanda suka samu gurbi da waɗanda ba su samu ba. In ka zaɓa da hannunka, mun koma gidan jiya. Duk wanda ya yi kyau za a ce da ma mai kyau ne."

"Dogo fa?"

"Ya shiga ƙuri'a kamar kowa."

Ƙuri'a ta fito babu Dogo. Baba ya zauna a falo ya kasa shan shayinsa. Ya ce wane irin ilimi ne wannan da zai bar wanda ya fi kowa cancanta yana wankin taya. Auta ta ce ita ma abin ya taɓa ta, amma in aka taɓa ƙuri'ar, duk wahalar ta tashi a banza, kuma waɗanda za su fito nan gaba su ne za su yi asara.

Mama na gefe tana ninke kaya. Ta ce, "Ni ban yi jami'a ba, amma in tambaya. Dole ne sai yaron nan yana cikin binciken naku kafin ya ci abinci?"

Auta ta ce, "A'a. Ana iya cire shi gaba ɗaya, mu rubuta cewa mun cire shi da dalilin cirewar. Ba zai shiga kowane ɓangare ba."

"To ku cire shi. Ƙanena yana neman mai yi masa kantoci a sabon kantinsa, ya ishe ni da waya. Ni zan tsaya masa."

"Ke?" in ji Baba. "Kin san shi ne?"

"Shekara nawa ina jin labarinsa a teburin nan? Na fi uwarsa saninsa."

Ranar da Baba ya kare kundinsa ya sa babbar rigarsa, gumi na bin wuyansa. Wani malami daga cikin masu jarrabawar ya tambaye shi ko bai ji ciwo ba da bincikensa ya rushe abin da ya zo tabbatarwa.

"Na ji, ranka ya daɗe," ya ce. "Har na daina yi wa 'yata magana. Amma gara da na ji ciwon a nan, da a ci gaba da koya wa mutane sana'a ana sako su a titi."

Suka ba shi gyare-gyare masu yawa, suka ce ya ci. Sakamakon gwajin shagunan kuwa sai nan gaba, don Auta ta ce ba za ta buɗe baki ba sai mutanen sun daɗe a bakin aiki. Zuwa lokacin mutum biyu sun gudu, ɗaya mai shago ya kore shi kan makara, sauran suna nan. Mai babban shagon nan har ta aiko a tambaya ko akwai ƙari.

Da suka fito daga zauren, Farfesa ta tare shi a baranda ta ce akwai gurbin digiri na uku, in yana da sha'awar bin gwajin har ƙarshe. Baba ya dubi Auta.

"Da lissafi a ciki?"

"Fiye da na baya," in ji Auta.

"To bari in fara cin abinci tukuna. Kira mamanki ki ce mata mun taho, kuma ki ce na ci jarrabawar. Kada ki ce mata da gyara."