Hannun da Ke Ba Malam Tuwo

…ai ba zafin nake tsoro ba, Malam. Wadda ta haifi bakwai a ɗaki, allura ce za ta firgita ta? Zaman bencin asibitin nan ne dai ya yi tsawo, ga yatsan kuma, na kusa da ƙarami, na dama, ya sake lanƙwashewa cikin tafin hannu ya ƙi tashi. Sai na sa hagu na ɓalle shi. Ƙas. Har matar da ke gefena ta waiwayo.

Likitar, Nanret sunanta, yarinya mai sanyin hannu, ta ce jijiyar da ke jan yatsan ce ta kumbura take maƙalewa a hanyarta, kamar zare mai ƙulli a kafar allura. Ba sai an yi aiki ba tukuna. Allura ɗaya a gindin yatsa, kumburin ya saɓe cikin kwanaki, ko makonni. Ga wasu yakan dawo. In ya dawo… to, Allah na nan.

Makonni. Kai kuwa azahar kake jira.

Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinka ya shanye, ba ka karɓar loma sai daga hannuna. Zaituna ta gwada da cokali, ka juya fuska bango — 'yar cikinka fa. Kai sai an mulmula, an yi rami da babban yatsa miyar kuka ta zauna ciki, yadda Innarka ke yi maka a Aujara… ina amarya ta koya mini, tana dariya wai lomata ta kai ƙwan agwagwa.

An kira sunana, Iyatu. Sanyin auduga a tafin hannu. "Mama, kalli can." Na kalli can. Allurar ta shiga — tafin ya cika kamar ana hura shi — ta fita. Shi ke nan? "Ki hutar da hannun kwana biyu, Mama. Ban da tuƙi, ban da matsa."

Kwana biyu. Na ce to. Me zan ce mata? Kai ma ban faɗa maka ba… jiya yatsan ya kulle da lomar a ciki, ya ƙi saki, sai na koma ta gefen idonka marar gani na ba ka da hagu. Hagu, Malam. Kai da ka shekara arba'in kana buge hannun 'ya'yanmu in sun kai hagu akushi.

Amma ka daɗe kafin ka buɗe baki. Leɓenka na motsi, na ce rawar ciwo ce… Bisimilla ka sake yi, ko? Ana tsakiyar ci, wa ke sake bisimilla? Ka sani. Ka sani, ka karɓa, har malmalar ta ƙare ba ka ɗago ka dube ni ba. Ni da nake ta ɓoyo, ashe kai ne ke rufa mini asiri.

A bakin asibiti mai keke na tambaya ko Limawa za ni. Limawa ce, ɗan nan. Bari dai in ɗan zauna tukuna…