Gefen Dama

A jikin sitiyarin motar Malam Bukar akwai wani maɓalli mai hoton ido, wanda tun da ya sayi motar bai taɓa tsinana komai ba. Kullum da safe sai ya yi bisimilla ya danna shi, allon motar ya rubuto masa da Larabci cewa wannan hidima tana nan tafe. Wata goma sha huɗu ke nan tana tafe.

Karatu ne ya kawo Malam Bukar Alƙahira daga Maiduguri, tuƙi ya riƙe shi. Shekara ashirin da bakwai yana jan motar ofishin jakadanci, a garin da da wuya ka ga mota mai lafiyayyen haƙarƙari, bai taɓa gogar ko bango ba, kuma duk wanda ya zauna da shi minti goma sai ya ji wannan labari. Da ya yi ritaya sai ya zuba kuɗin sallamarsa a sabuwar mota, yana ɗauko marasa lafiyar da ke zuwa daga gida neman magani, daga filin jirgi zuwa masauki, daga masauki zuwa asibiti.

Husam, dillalin kamfanin motar, shi ya yi masa alkawarin manhajar da za ta sa maɓallin aiki. Ya ce za ta riƙa ganin abin da ke gefen mota, ta kunna fitila a madubi, ta yi ƙara, in ta kama ma ta taka birki da kanta.

"Wata uku kacal, ya Hajj," in ji Husam. "Da kanta za ta sauko, kamar yadda waya ke sabunta kanta. Ga shi nan a rubuce."

Malam Bukar, mutumin da kan yi rabin sa'a a kasuwar Ataba yana cinikin safa, ya sa hannu bai ce a rage ko sisi ba. Dalili kuwa yana cikin akwatin gaban motar, a ninke ƙarƙashin casbi: takardar likita da ta ce hawan jinin ido ya cinye masa ganin gefen dama. Gaba yana gani tangaran. Abin da ya zo ta dama kuwa, sai ya juya kai ɗungurungum. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa Rakiya.

Mako guda da zuwan motar Rakiya ta fara binsa aiki. Cewa ta yi mata marasa lafiya sun fi sakewa da mace ta yi musu tafinta. Ta zauna a kujerar gaba, ta ɗora hannu a gwiwarsa, matar da shekara talatin da aure ba ta taɓa ko riƙe masa gefen riga a gaban mutane ba. Duk sanda babur ko ƙaramar bas ta kutso ta dama, sai yatsunta su matsa, shi kuma ya sassauta. Ya gaya wa kansa cewa soyayyar tsufa ce, ya kuma yarda, don yardar ta fi masa sauƙi.

Da "ma'alish, bukra" ɗin Husam, wato yi haƙuri sai gobe, ta ishe shi, sai ya hau bene na uku a unguwar Ma'adi wurin wata lauya, Dalia, mace mai gilashi da maganar da ba ta kwana-kwana. Ta karanta yarjejeniyar sau biyu.

"Hanya uku ce, Amm Bukar," ta ce, tana kiransa baffa da Larabci. "Ko ka mayar da motar a ba ka kuɗinka. Ko ka riƙe ta a rage maka wani abu, maɓallin ya zauna a mace. Ko mu kai su kotu, a tilasta su cika alkawari su kuma biya ka diyyar jinkiri."

"Ta ukun nake so, Ustaza."

"Kowa ita yake so. Amma za su ce manhajar ƙari ce kawai, kamar rediyo, motar tana tafiya ba da ita ba. Sai mun nuna wa alƙali cewa dominta ka sayi motar, kuma rashinta yana cutar da kai. Kana da abin da zai nuna haka?"

Ya gyara zama. Ta miƙo masa biro ta gefen damansa don ya cike takardar shaidar zuwansa. Biron ya daɗe a iska, Malam Bukar yana kallonta yana jiran ta ci gaba da magana. Ta sauke hannu a hankali, ta cire gilashinta.

"Tun yaushe?" ta tambaya.

"Shekara biyu."

"To bari in gaya maka gaskiya tun yanzu. Da takardar likita za mu ci wannan shari'a, ba na ko shakka. Sai dai lauyoyinsu za su karanta ta, kuma tambayarsu ta farko ita ce, wa ya bar wannan mutum a kan titi? Lasinka ba zai tsira ba."

"Wato in ci shari'a, in sauka daga mota."

"Haka ne. Kuma ko da shari'a ko babu, ni da 'yarka ce da na roƙe ka ka sauka."

Ya miƙe, ya gyara hularsa, ya ce zai yi shawara. A ƙasan bene ya yi ta faɗa shi kaɗai: yarinyar da ba a haifa ba lokacin da ya fara tuƙi ita ce za ta koya masa titi!

Ranar Talata ta zagayo, Rakiya ta tafi layin sabunta takardar zama, abin da ba a aikawa a yi wa mutum. Ta ce ya jira ta zuwa azahar. Ya ce Inna, tsohuwar da ta zo daga Azare wankin ƙoda, ba ta jiran azahar. Ya ɗauko Inna, ya bi titin da ya bi sau dubu. A wata kwana ya karya dama.

Bai ga komai ba, ji kawai ya yi. Wani magidanci ne a kan keke, ɗauke da faffaɗan katakon gurasa a ka, irin waɗanda ke ratsa cunkoso da hannu ɗaya. Keken ya tafi can, mutumin ya zube, gurasa ta watsu har ƙarƙashin motoci. Allah ya taƙaita, gwiwar hannu kawai ya kurje. Ya tashi bai ko zagi kowa ba, ya shiga tsince gurasar ɗaya bayan ɗaya yana kaɗe ta yana kai ta goshi don girmama abinci. Malam Bukar ya durƙusa a kan kwalta yana taya shi, yana ta ba shi haƙuri. Da ma mutumin ya zage shi, da ya fi jin sauƙi.

Da ya dawo mota, Inna ta leƙo daga kujerar baya, muryarta a raunane.

"Ɗan nan, ni da nake baya tun daga can na hango shi. Kai ba ka gan shi ba?"

"Ban gan shi ba, Inna."

Wannan ne karo na farko da ya faɗa da bakinsa.

Da la'asar ya tarar da Rakiya a ɗan falonsu na Hadayek el-Ma'adi tana cire takalmi, ƙafafunta sun kumbura da tsayuwa. Ya zauna ya ba ta labarin mai gurasa, sannan ya ce, "Maman Humaira, idon nan nawa na dama..."

"Na sani, Malam. Tun ranar da na ajiye maka shayi a damanka ka yi ta faɗa wai ban kawo ba."

"Shi ne ba ki yi magana ba?"

"Kai ka yi?" Ta share ido da gefen mayafi, hawayen bai tsaya ba. "Kullum muna bin bakin Nilu, baƙi suna ta cewa kai, ruwa! Ni wata goma sha huɗu ban kalle shi ba, madubi nake kallo. Na ce in riƙe maka har abin nan ya iso. Na gaji, Malam. Wallahi tsoro nake ji kullum."

Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ashe sirrin da yake ta ɓoyewa, ita ke ɗauke da shi a kujerar gefensa.

Washegari ya hau jirgin ƙasa zuwa Ma'adi, ya ajiye takardar likita a teburin Dalia.

Yadda ta faɗa haka aka yi. Maganar ba ta ma kai ga hukunci ba, kamfanin ya nemi sulhu. Aka kira Malam Bukar gwajin ido, aka karɓe lasin, ma'aikacin ya jefa shi a aljihun tebur ya ce na gaba. Bayan mako uku Husam ya bugo waya cike da fara'a.

"Mabruk, ya Hajj! Ta sauko! Danna ka gani."

Da hantsi ne. Malam Bukar ya sauko ya yaye tamfol ɗin da ya lulluɓe motar, ya shiga mazauninsa, ya tayar, ya yi bisimilla ya danna. Idon ya kama da kore. Can sai motar ta yi ƙara, ƙit, ƙit. An ce fitila tana kunnuwa a madubin dama, shi dai bai gan ta ba. Ya juya kai ɗungurungum, sai ga Rakiya tsaye da ledar kayan miya. Ta buɗe ƙofa ta zauna a kujerarta.

"Ta gan ki," ya ce.

"To, Alhamdulillahi."

Ba ta tambaye shi ina za su ba, shi ma bai taɓa giyar motar ba. Injin yana ta aiki a hankali, hannunta ya koma inda ya saba. Wani mai babur ya shigo layin, ya ratsa ta dama tsakanin motar da bango. Motar ta yi ƙara yadda aka yi alkawari, amma yatsun Rakiya sun riga ta.