Jar Ƙasar Tolley

Duk wanda ya yi ƙuruciya a wajenmu ya san Tolley, damon nan da ke yawo daga wannan rijiya zuwa waccan yana tsoma baki a abin da babu ruwansa. Littattafansa ashirin da uku ne, kuma ina da su duka, har da na bakwai wanda akuya ta cinye wa bango. Kakata Merle Hannaford ce ta rubuta su, ƙawarta Dulcie Lehmann ta yi zanen. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, saura ƙiris na farkon bai fito ba. Sau uku na sa Kaka ta maimaita mini labarin kafin na yarda na zauna rubutawa. In an ga kuskure, nawa ne, don ita ba ta mantuwa.

A shekarar 1949 Kaka tana zaune da Kakana Reg a gonar tumaki, arewa da Broken Hill. Dulcie kuma tana can yamma, mil ɗari biyu tsakaninsu. Ko sau ɗaya ba su taɓa haɗuwa ba, muryar juna kawai suka sani. Kowane gida yana da rediyon da ake taka wa feda kamar keken ɗinki, kuma kullum ƙarfe bakwai na safe ana bar wa mata rabin awa su yi hira. Mutum ɗaya ke magana a lokaci guda. In ta kai ƙarshen zancenta sai ta ce "na gama", ta saki maɓalli, wata ta ɗauka. Kuma duk abin da aka faɗa, gida arba'in na ji.

Wata Asabar ƙyanda ta kwantar da yaran wani gida, uwarsu ta shigo rediyo kamar za ta yi kuka, ta ce sun hana ta sakat. Kaka ta ce a matso da su kusa da akwatin. Nan take ta ƙirƙiro labarin wani damo da ya faɗa tankin ruwa garin leƙen asirin agwagi. Da Asabar ta zagayo, yaran gidaje goma suna jira. Bayan mako biyu Clarrie mai motar wasiƙu ya miƙo wa Kaka wata ambulan daga Dulcie. A ciki ga zanen damon, wuya a miƙe, ido ɗaya a lumshe, yana tsaye a kan ƙasa ja jawur.

Kaka ta ce sai da ta zauna a kan buhun gari, don daidai yadda take ganinsa a ranta haka aka zana shi.

Jan fentin Dulcie ya ƙare tun lokacin yaƙi, ba a kuma samunsa. Sai ta riƙa ɗebo ƙasa a bayan rumfar askin tumaki, ta tankaɗe da tsohuwar safa, ta dama da ƙaro. In ka shafa zanen da yatsa za ka ji ɗan kaushinsa. Shekara biyu suna haka, Kaka ta ba da labari ran Asabar, Clarrie ya kawo zane. Daga nan suka zaɓi labarai goma sha biyu da zanensu, suka ƙunsa suka aika wa wani kamfanin buga littattafai a Melbourne.

Wata huɗu shiru. Sai ga amsa daga wani Mista Ashcombe. Kaka ba ta iya haƙurin jiran mota ta kai wa Dulcie ba, washegari da safe ta hau feda ta karanta wasiƙar a rediyo.

Mutumin ya ce labaran sun burge shi, za su buga. Amma yana da sharaɗi biyu. Na farko, a mayar da Tolley zomo, don yara sun fi son dabba mai laushi. Na biyu, a sake zanen a yi ƙasa koriya, don babu yaron da zai yarda akwai ƙasa mai wannan launi.

Da Kaka ta ce "na gama", mata huɗu suka danna maɓalli lokaci guda, rediyo ya yi ta ƙara. A shekarar nan zomaye sun cinye ciyawa har saiwa, tumaki na mutuwa a bakin shinge. Tsohuwa Misis Pryor, wadda ke tsara wa kowa lokacin magana, ita ta fara samun hanya.

"Zomo? Ku ce masa ya zo gidana ya ɗiba, ina da dubu goma a bayan kicin, duk masu laushi. Na gama."

"Zomo kam babu shi," in ji Kaka. "Amma Dulcie, ki saurare ni. In muka ƙi duka biyun, zai ce mu tafi da kayanmu. Mu riƙe damo, mu ba shi koren. Na gama."

"Koren me? Ke Merle, leƙa tagarki ki gaya mini abin da kika gani. Na gama."

"Na san abin da ke bayan tagata, ba sai an aike ni ba. Littafi muke so ya fito. Na gama."

"To ya fito da ƙaryar wani, ban da tawa. Yaran nan ba su taɓa ganin garinsu a littafi ba, kullum ciyawa da ƙanƙara da gidaje masu hayaƙi. Yanzu ni ma in zo in ce musu ƙasarsu ba ta isa shiga littafi ba? Na gama."

Kaka ta ce a nan ne ranta ya ɓaci, ƙafarta na ta juya feda kamar mai gudun tsere, ta manta da kunnuwa arba'in.

"Haba Dulcie! Launi ne fa kawai. Labarin ai shi ne littafin, zane rakiya yake yi. Na gama."

Can sai muryar Dulcie, a hankali.

"To. Ki rubuta masa ya dawo mini da 'yan rakiyata. Na gama."

Daga ranar Dulcie ba ta ƙara shigowa hira ba. Asabar ta zo, Kaka ta ba da labari, ita kanta ta ji ba gishiri. Clarrie ya zo ya wuce babu ambulan. Ya tsaya shan shayi, ya ci biskit huɗu, ya ce, "Na ji an ce zane rakiya yake yi." Kaka ta janye farantin daga gabansa.

Mista Ashcombe ya ba su zuwa ƙarshen wata su ba da amsa. Kaka ta zauna ta rubuta masa cewa ta yarda a nemo wani mai zane a birni. Ta ninke takardar ta ajiye a ƙarƙashin gwangwanin sukari, kwana biyar ba ta sa ta a ambulan ba. Kakana Reg, wanda ba ya yawan magana, ya ɗauko zanen farko, wanda ba a aika Melbourne ba, daga jikin bango ya ajiye mata kusa da kofinta, ya fita wajen tumaki.

Ta daɗe tana kallon zanen. Ta ce sai a ranar ta lura cewa lumshe idon nan na Tolley ba ita ta faɗe shi a labarin farko ba. Dulcie ce ta zana shi haka, ita kuma tun daga lokacin take sa shi a kowane labari kamar nata ne.

Da safe ta hau feda.

"Dulcie Lehmann, Merle ce. A gaban kowa na yi miki rashin kunya, a gaban kowa zan ba ki haƙuri. Na yi kuskure. Na gama."

Shiru.

Washegari ta sake. Shiru. Rana ta uku sai aka ji muryar namiji, abin da ba a saba ba a lokacin mata. Otto ne, mijin Dulcie.

"Ku yi mini afuwa, mata. Merle, tana jin ki. Ga ta nan tana ɓare wake, kwana uku wake ɗaya take ɓarewa. Don Allah ku shirya, na gaji da ƙonannen burodi. Na gama."

Aka ji wani abu ya faɗi, kamar an jefi mutum da kwano. Sannan Dulcie ta karɓa.

"Na ji. Amma kore dai babu. Na gama."

"Babu. In ya ƙi, ya ƙi, mu ci gaba da Asabar ɗinmu. Sai dai ban san yadda zan fahimtar da shi ba. Na gama."

Misis Pryor ta shigo. "Ku yara, mutumin nan ba mugu ba ne, bai taɓa wuce ƙarshen layin tarago ba ne. Yana zaton Dulcie ta yi wa fenti yawa. Wanda bai gani ba, ai sai a nuna masa. Na gama."

Kaka ta fita tsakar gida da cokali, ta ɗebo ƙasa ta zuba a ambulan. Ta rubuta layi biyu: wannan daga ƙofar kicin ɗina ne, damo da ja ko kuma a dawo mana da kayanmu. Ita iyakar abin da ta yi ke nan. Ba ta roƙi kowa ya taya ta ba. Amma gida arba'in sun ji.

Da Clarrie ya gama zagayensa, jakar Melbourne ta yi nauyi. Ambulan talatin da takwas, kowacce da ƙasa, wasu da rubutun yara a karkace: daga bayan kejin kajinmu, daga inda karenmu ke kwanciya. Wani gida ma kwalbar zuma suka cika. Clarrie ya ce shekara ashirin yana fama ya hana ƙura shiga wasiƙu, yau ga shi an sa mata kan sarki.

Abin da ya faru a ofis, Mista Ashcombe da kansa ya ba Kaka labari bayan shekaru, lokacin sun zama abokai. Ya ce ya farke ambulan ta farko da wuƙar buɗe wasiƙa, ƙasa ta zubo masa a farin hannun riga. Ya buɗe ta biyu, ta uku. Da ya kai ta goma sai ya daina tsaki. Ya sa aka shimfiɗa farar takarda a kan tebur, ya zuba kowacce daban, ya ɗauko zanen Dulcie ya jera a gefe. Wata ƙasar ta yi kamar tsatsa, wata kamar garin barkono, kuma akwai guda uku da suka fi zanen ja. Ya ce ya zauna yana kallo har shayinsa ya huce.

Ta rediyo aka karanto wayar tangarahonsa, kowa na ji: A daina aiko ƙasa. Damo ya tsaya. Ja ya tsaya. Ana roƙon a sa masa malafa.

"Malafa kuma?" in ji Dulcie. "To, wannan zan iya. Mutum ya sha wahala, a bar shi da malafarsa. Na gama."

Bayan wata tara Clarrie ya sauke ƙunshi biyu, ɗaya a gidan Kaka, ɗaya a gidan Dulcie bayan kwana biyu. Kaka ta ƙi kwance nata sai da ta tabbata na Dulcie ya isa. Ƙarfe bakwai na safe suka yanke igiya tare, kowacce a kicin ɗinta, gidaje duk suna saurare. Sunayensu biyu na jikin bangon littafin, girman haruffa ɗaya. Kaka ta danna maɓalli.

"Dulcie, kin gani? Ki yi magana mana. Na gama."

Aka ji ana juya takarda, shafi bayan shafi, ba gaggawa. Dulcie ta ja hanci sau biyu.

"Jan bai kai ba," ta ce. "Ya yi kamar cikin kankana. A na biyu zan aika musu da ƙasar a buhu, su dama da kansu. Ran Asabar me Tolley zai yi? Na gama."