Shaidar da Celina Ta Bayar Ran Lahadi

…da ma ta yi haƙurin mako ɗaya, ɗaya tak, da ba ta tashi a coci ba. Amma ina. Shekara goma sha shida Celina na jiran layi biyu a kan ɗan tsinken gwajin ciki, ranar da suka fito wa zai riƙe mata baki? Ran Lahadi da rawa ta fita gaban jama'a, zanin Zumuntar Mata a ƙugu, ta karɓi makirufo: Ubangiji ya tuna da ni. Guɗa har bakin titi.

Yau Talata. Tana zaune bakin gado a ɗakinsu na Trikania, ko takalmi ba ta cire ba, takardar asibiti a cinya.

Babu jariri. Mahaifa wayam — likitar ta juyo mata allon hoton, ta gani da idonta. To gwajin fa? Sau uku, na kemis biyu, na asibiti ɗaya… Gwajin bai yi ƙarya ba, in ji likitar, wannan ne ya ruɗe shi — ta nuna wuyan Celina da biro. Ƙullutun nan da kowa ke ce wa maƙoƙo. Ai na gado ne, in ji mutane, kakarki a Zonkwa da nata ta tsufa, ki dage da gishirin leda. Ta ci gishiri, ta naɗa gyale, shi kuwa ya yi ta girma abinsa, wata huɗu, har lomar tuwo sai da ruwa take wucewa.

Kansa ce, ciwon daji. Irin wadda likitar ma a littafi kawai ta san ta. Wai ƙwayoyin da ke zama ɗa ne suka ɓata hanya tun Celina na cikin uwarta, suka maƙale a wuya, suka yi barcin shekara arba'in da ɗaya, yanzu sun farka suna zuba wa jini abin da ke sa gwaji ya ce ciki ne. Duk faɗin jikin nan, ga wuri an share musu ana jira, azumi nawa, dutsen addu'a nawa — sai wuya?

Alhamis za a yi aiki, in ta sa hannu. Ki zo da maigidanki, in ji su.

Mijinta Wilson na hanyar Warri da tankarsa. Ranar da ta faɗa masa tana da ciki sai da ya faka gefen titi ya yi kuka, mutumin da ko a jana'izar babansa bai zubar da hawaye ba. Ya riga ya gaya wa uwarsa… uwar da ta yi shekara biyar ba ta taka ɗakin nan ba, Asabar za ta zo da doya.

Ƙarfe huɗu. Daga cocin bayan layi tulun kiɗa ya fara amsawa, matan zumunta na koyon waƙa. Mama Hannatu, shugabarsu, ita ta hana ta zuwa — ki huta, mai ciki ba ta buga tulu — ta aiko da kunun gyaɗa a fulas, ga shi can kan tebur. Ita kuwa Charity, shekara tara ba haihuwa, bayan an tashi coci ta kama gefen zanin Celina: Anti, na ga naki, nawa ma yana hanya. Me za a ce wa Charity? Ana janye shaida ne? Wa ya taɓa komawa gaban coci ya ce ku bar guɗa, kuskure ne?

Mutuwar ma ba ta shige ta ba tukuna. Kunya? Akwai, amma ba ita ba ce… kewa ce. Kwana tara ta yi tana hira da jaririn, a kicin, a cikin keke, har ta yi masa faɗa da ya hana ta cin ƙwai. Da wa take magana ashe? Wa za ta yi wa makoki, wa zai zo ya zauna da ita?

Wayar na rawa a kan katifa. Wilson. Gara ta faɗa masa yanzu, kafin ya kai Lakwaja, kafin uwarsa ta hau mota — kalma huɗu ce, babu ciki, kansa ce. Ta ɗauka. Iska da ƙarar injin, da muryarsa cike da dariya.

"Ya mutanena biyu?"

Ta buɗe baki. Abin da ke wuyan ya tokare, ta haɗiye da ƙyar.

"Muna nan lafiya," ta ji kanta tana cewa. "Ka tuƙa a hankali."