Ƙudan da Ya Sauka a Bayan Hannuna

Daren jiya mafarki ya kai ni wani gari inda inuwa ke tafiya a gaba, mai ita yana biye yana ba ta haƙuri. Ruwa kuwa daga ƙasa yake tsattsafowa ya hau sama, don haka kowa a kan laimarsa yake tsaye.

A can na tarar da 'yan ƙungiyarmu ta masu sha'awar ƙwari, mu da muke ajiye mushen ɓera a bayan gida mu zauna jiran ƙananan ƙudajen da za su zo masa. Suwaiba na cikinsu, da madubin ƙara girma rataye a wuyanta. Don ita na shiga ƙungiyar, ban dai taɓa faɗa mata ba.

Ina shirin gaishe ta sai wani ƙuda, bai kai ƙwayar riɗi ba, ya sauka a bayan hannuna.

Sai ga mu a asibiti. Likitan bunsuru ne, yana taunar wuyan rigarsa. Cikin ladabi ya bayyana mini cewa a garin nan ba a duba numfashi, ƙuda ake dubawa. In mai bin ruɓaɓɓen mangwaro ne, in tafi gida. In mai bin mushe ne, to na riga na rasu, mantawa aka yi ba a sanar da ni ba. Ta taga na hango an fara haƙa rami, ƙasar tana tashi sama ba ta dawowa.

Malam Gambo, shugabanmu, ya leƙo gemunsa na rawa. Ya ce ga ɗan doro nan a bayan ƙudan, shi ne wanda aka daɗe ana nema, mai bin gawa har cikin kabari. Sauran suka shiga yi wa juna barka. Wani ma ya rungume ni, a hankali, don kada ƙudan ya firgita.

"Malam, ni fa da raina," na ce.

"Daina motsi, Sagiru, za ka ɓata mana."

A ƙa'idarmu ba a yanke wa ƙuda suna sai an hura masa iska kaɗan. Na mangwaro tashi yake yi, na mushe kuwa sai ya sheƙa a guje, ya tsaya, ya sake sheƙawa. Wanda ya fi kowa wahalar nema shi ke hurawa. Suwaiba ke nan.

Ta durƙusa ta ɗora madubin. Idonta ya cika shi, baƙi wuluk, cike da wata murna da na daɗe ina fatan ta dube ni da ita. Amma ba ni take kallo ba.

"Suwaiba," na ce, "ni fa ba ƙudaje ke kawo ni ba."

"Na sani," ta ce, ba ta ɗago ba. "Kai kaɗai ke zuwa wajen mushe da turare."

Masu haƙa suka dakata. Ƙudan ya ɗaga ƙafa ɗaya, kamar mai shirin gudu. Hannuna ya yi sanyi har kafaɗa.

Suwaiba ta ja numfashi, ta hura da dukan ƙarfinta. Ƙudan ya yi sama, likitan ya bi shi, gemun Malam Gambo ya bi bayansu, Malam kuma yana ta rantsuwa cewa ba haka ake hurawa ba.

"Tashi ya yi," ta ce. Hawayenta na bin goshinta suna hawa.

Iskar ta ci gaba da ruri, ta ƙi tsayawa, har na buɗe ido na gane injin markaɗen maƙwabta ne aka tayar.