Gwaza a Madadin Mochi

"Guda ɗaya tak, Fusae-san," in ji tsoho Tomekichi, yana riƙe da hannun rigarta. "Ɗaya na ce, ba buhu ba."

"Sake ni, Tomekichi-san. 'Yarka ta bugo daga Osaka, ta ce ko ƙanshinsa kada ka ji."

"Ita ta haife ni?"

Mochi yake roƙo, curin kirɓaɓɓiyar shinkafar nan mai danƙo da ake sakawa a miyar sabuwar shekara. Tun da matarsa ta rasu, Fusae maƙwabciyarsa ke kawo masa abinci, katanga ɗaya ce tsakaninsu a lungun nan na birnin Kyoto, ƙasar Japan. Amma tun da jinya ta taɓa masa maƙogwaro, ko ruwa sai ya ƙware. Bara ma mochi ne ya shaƙe wani tsoho a bayan layinsu.

"To ki yayyanka ƙanana mana," in ji mijin Fusae da ta koma kicin ɗinta.

"Na faɗa masa. Wai a gidansu ba a sa wa mochin sabuwar shekara wuƙa. Taurin kai kamar dutse!"

Ta daɗe tsaye gaban tukunya, tsoro da tausayi na cin ta. Daga baya ta fere gwaza ta mulmule shi, ta dafa har ya yi luguf, ta nutsar da shi cikin farar miyar miso, daddawarsu ta waken soya, ta kai masa.

Tomekichi ya haɗa tafukansa ya yi godiya. Ya sa tsinkayen cin abinci ya ja, abin ya rabu biyu, bai yi yauƙi ba. Ya dube shi, ya dube ta. Fusae ta sunkuyar da kai.

"Mochin bana ya yi laushi," in ji shi. Ya cinye tas.

"Baɗi, in ka warware..."

"Baɗi," ya ce, yana murmushi.

Kafin a sauke adon sabuwar shekara daga ƙofofi, zuciyarsa ta tsaya, yana zaune a bakin baranda da hantsi. Babu abin da ya shaƙe shi.

"Kin kyauta da kika hana shi," in ji 'yarsa ranar jana'iza, tana kuka.

Da aka watse, Fusae ta kawo kwanon miya ta ajiye gaban hotonsa. Mochi guda, cikakke, ba a sa masa wuƙa ba. Ta durƙusa nan har tururin ya daina tashi.