Tukunyar da ke Ƙarƙashin Gadon Iya Hajara

A duk Toranke babu wanda ya taɓa jin Iya Hajara ta kama sunan Mudassir. Ɗan fari ne, kun dai san alkunya. "Yaron nan" take cewa, ko kuwa ta yi gyaran murya kawai, shi ya gane da shi ake. Har ya tara gemu, ya auri Madina, yana nan a "yaron nan".

To shi yaron nan ya yi sakandare a Gaya, ya dawo gida. Da damina noma, da rani ya sayi gyaɗa a kasuwar Ajingi ya sa a mota ya kai Kano. Jarin bai taka kara ya karya ba, amma akwai buri. Wata rana ya ji a rediyo ana ba da labarin wani tsohon attajiri can Amurka da ya yi suna wajen zuba jari. Wai an tambaye shi sirrin arzikinsa ya ce karatu ne, har ya ambaci wasu littattafai na kasuwanci da ya ce kowane matashi ya nema. Ai shi ke nan. Tun daga ranar, duk shigar Mudassir Kano sai ya biya ta wurin masu tsofaffin littattafai a Sabon Gari. In ya dace da ɗaya, ya rungumo shi gida kamar jinjiri.

Da la'asar yakan baje a gindin darbejiyar tsakar gida da jan biro a hannu, yana karatu yana rubuce-rubuce a gefen shafi, Iya da maƙwabciyarta Gaji suna ɓarar gyaɗa.

"Kai Mudassir," in ji Gaji, "wannan ƙaton, na karatu ne ko matashin kai?"

"Gwaggo Gaji, arziki ne a ciki."

"To zazzage mana mu gani, ko sisi ya faɗo mu sayi goro."

Ya yi dariya, ya juya wajen uwarsa, don ita yake so ta ji. "Iya, kin san me tsohon nan ya ce? In ka sami abu mai daraja, ka ajiye shi, kada ka riƙa leƙa shi kullum. Mai yawan leƙe shi ke gajiya ya sayar da wuri, ya yi asara. A bar shi ya daɗe, ribar tana cikin haƙuri."

"Wannan ai uwata ma ta sani," Iya ta ce, idonta a kan faifai, "ba ta kuwa je Amurka ba."

Madina na da tsohon ciki a lokacin. Ya dafa littattafan ya ce, "Abin da za a haifa, mace ko namiji, da waɗannan zai fara. Na rubuta masa bayani da Hausa a gefe-gefe, kada ya sha wahalar da na sha."

Bai ga abin da aka haifa ba. Motar da ta ɗauko shi daga Kano ta kife kafin Gaya. Allah ya jiƙansa. Ranar ma Iya ba ta kira sunansa ba, ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ana mata gaisuwa tana cewa "sai haƙuri", kamar ɗan wani ne ya rasu. Aka haifi mace, aka sa mata Zulfa. Da aka yaye ta, Madina ta yi aure a Kademi, yarinya ta zauna hannun kakarta.

Wajen rabon gado babu wanda ya ko kalli littattafan. Har mai ƙosan ƙofar gida ta aiko a sayar mata ta riƙa ƙunshi. Nan fa hankalin Iya ya tashi. Ta rasa inda za ta sa su: a kan kwalla yara za su yaga, a rumbu ɓeraye. Sai ta tuna yadda uwarta ta ɓoye mundayen azurfa tun zamanin da, suka yi shekara da shekaru aka tono su suna ƙyalli. Ta sami tukunyar ƙasa mai faɗin baki, ta naɗe littattafan cikin zanen saƙinta na aure, ta barbaɗa toka da ganyen darbejiya kamar yadda ake yi wa irin shuka. Ta kifa kasko a kai, ta liƙe da laka, ta tona rami ƙarƙashin gadonta ta binne, ta daɓe wurin.

Gaji kaɗai ta sani. Duk shekara in an gama kaka sai ta ce, "Hajara, ki fito da kayan nan su sha iska mana."

"Ya ce kada a leƙa."

"Ke ma dai! Kunyar ɗa har a kabari?"

Iya ta ci gaba da aikinta.

Zulfa ta taso da surutu kamar kanari, da tambaya kuwa ba a magana. "Tsohuwa, babana dogo ne? Yana da faɗa? Muryarsa irin ta wa?" Iya sai ta kau da kai ta ce, "Je ki tambayi Gaji, ni ina da aiki." Ba ƙi take ba, bakin ne ba ya buɗuwa. Iyakarta ta ce, "Akwai ajiyarki. Ranar da Turanci ya zauna a bakinki zan ba ki, shi zai yi miki magana da kansa." Da wannan alkawari ta raini yarinyar, da shi kuma ta raini kanta. In kewa ta taso mata, sai ta sauko da ƙafa ta taka daɓen nan, ta ji sanyi a ranta.

Bara ne Zulfa ta dawo hutu daga makarantar kwana a Gaya, ta zo ta ɗaya a Turanci. Washegari da hantsi Iya ta aika a kira Gaji, aka ja gado gefe, aka kawo fartanya.

"Tsohuwa, in gwal ne ki faɗa mini tun yanzu in fara yanga."

"Tona dai, mai bakin aku."

Tukunya ta fito lafiya lau, laka na nan a bakinta yadda aka liƙe. Sai da aka ɗaga ta Gaji ta hango ɗan tsagi a gindi, siriri kamar zare. Iya ta yi bismillah ta fasa lakar da kanta, ta ɗauke kasko, ta zura hannu.

Hannun ya nutse cikin ƙasa. Jar ƙasa mai ramuka-ramuka, irin ginin gara. Ta sake zurawa, ta lalube har gindi. Babu zane, babu takarda. Abin da ya rage sai bangwayen littattafan, su ma don akwai leda a jikinsu ne, sun yi laushi kamar busasshen ganye.

"Innalillahi," in ji Gaji a hankali.

Zulfa ta ɗauki bango ɗaya, ta goge da gefen hijabinta, ta karanta sunan. Ta dubi kakarta, sai ta yi sauri ta ce, "Iya, kada ki damu, wallahi duk ana samun su. Ko a waya ma akwai su. Gobe sai in sa a turo mini."

"Da jan biron?" Iya ta tambaya. "Da abin da ya rubuta miki a gefe?"

Sai yanzu yarinyar ta gane abin da aka ajiye mata.

Iya ta zauna daɓas a bakin ramin, ta ɗibi ƙasar nan a tafin hannu tana kallo. "Kullum ina kwance a kai," ta ce. "Kullum. Suna ci ina barci. Da sau ɗaya na leƙa..."

Gaji ta dafa ta. Ba ta ce "na gaya miki" ba, Allah ya saka mata.

Da rana ta yi sanyi, Iya ta juye ƙasar a ƙwarya, ta ɗora a ka, ta ce Zulfa ta biyo ta. Suka bi ta bayan gari zuwa gonar gyaɗar da ɗanta ya bari, an riga an cire amfani, sai kunyoyi. Ta riƙa ɗiba tana watsawa kamar mai zuba taki, har ƙwaryar ta ƙare. Sannan ta zauna a kan kunya, ta jawo jikarta kusa.

"Zauna in gaya miki. Ba dogo ba ne, kamar ke yake. In yana karatu leɓensa na motsi. Ba ya cin tuwo sai da ƙanzo." Ta dubi gonar, hawaye na bin tamojin fuskarta, ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba tun ranar sunansa.

"Mudassir," ta ce. "Mudassir ɗana."